IYA FAƊUWA MA ILIMI NE: YADDA MAI KEKE ZAI KARE KANSA

A wannan fitowa, shafinmu na lafiya da noma zai yi magana a kan keke, dokin ƙarfen da ba ya cin ciyawa, ba ya shan mai. Da shi manomi ke zuwa gona. Da shi ake kai albasa da rogo da itace kasuwa. Da shi yaro ke zuwa makaranta, da shi ake ɗauko ruwa daga famfo. Amma duk wanda ya daɗe bisa keke ya san abu guda: ko gwani yakan faɗi. Tambayarmu ita ce: in faɗuwa ta zo, yaya mutum zai yi ya tashi da ƙafafunsa?

Abin da na gani da idona

Aikina shi ne zagaya cibiyoyin yaƙi da jahilci. Wata shekara, gab da faɗuwar damina, na isa wata cibiya na tarar da ɗaya daga cikin ɗalibanmu da hannu a ɗaure. Magidanci ne mai ƙwazo, ya riga ya iya rubuta wasiƙa da kansa. Ya ce mini yana komowa daga kasuwa da buhun iri a bayan keke, sai akuya ta ratsa gabansa. Ya matse birkin gaba da ƙarfi, taya ta nutse cikin rairayi, keke ya watsar da shi. Ya miƙa hannun dama don ya tare ƙasa, sai wuyan hannu ya karye. Ba gudu yake yi sosai ba.

Ya yi sati 6 bai riƙe hauya ba, bai riƙe alƙalami ba. Ruwan shuka ya sauka, noman fari ya zo ya wuce. Dole ya sayar da ragonsa ya biya ƴan ƙodago, sauran gonar kuwa ciyawa ta cinye. Faɗuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba ta rage wa gida ɗaya abincin shekara. Tun daga ranar na gane cewa wannan magana ta lafiya ce, kuma ta noma ce.

Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutane wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara a duniya. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu moto. In aka yi lissafi bisa yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara.

Me ke karyewa, kuma don me?

Sa'ad da mutum ya ji zai faɗi, jiki yakan yi abu biyu ba da shawararsa ba. Yakan sandare, kuma yakan miƙa hannu gaba. Waɗannan biyun su ne ke kawo karaya.

Ku ɗauki karan dawa busasshe, ku tsayar da shi, ku danna shi da ƙarfi: zai karye. Ku jefa ƙwallo ƙasa: zai mirgina, ba abin da zai same shi. Hannun da aka miƙe sambal kamar karan nan yake. Nauyin jiki duka yana sauka a kan tafin hannu, ya bi wuyan hannu, ya haura gwiwar hannu, ya kai kafaɗa. Inda ƙashi ya fi rauni, nan yake karyewa. Shi ya sa masu keke suka fi karyewa a wuyan hannu, da kuma siririn ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, wanda kowa ke iya taɓawa a ƙarƙashin wuyansa.

Amma karayar hannu tana warkewa. Raunin da ya fi kashe mai keke shi ne na kai. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi, tana zaune cikin ƙoƙon kai. In kai ya bugi kwalta ko dutse, ƙwaƙwalwa tana girgiza ta bugi ƙashi daga ciki, har jini ya iya zuba ba tare da an ga rauni a waje ba.

Saboda haka ga jerin abin da za a kare, bi da bi: kai da wuya tukuna, sannan ƙashi, sannan fata. Keke da kaya su ne na ƙarshe. Mai gyaran keke yana iya miƙe taya, amma ba ya gyaran kai.

Gudu shi ne ke ƙara nauyin faɗuwa

Ga wani lissafi da ya kamata kowa ya riƙe. In gudu ya ninka sau 2, ƙarfin bugu ba sau 2 yake ninkawa ba, sau 4 ne. Wanda ya yi karo da bango yana gudun kilomita 10 a awa, kamar ya faɗo ne daga bisa turmi. Mai gudun kilomita 20 a awa, kamar ya faɗo daga katanga mai tsawon mita 1 da rabi. Mai gudun kilomita 30 a awa kuwa, kamar ya faɗo daga bisa soro mai mita 3 da rabi.

Ma'anar wannan ita ce, ko da mutum ya ga ba makawa sai ya faɗi, duk ɗan gudun da ya rage kafin ya kai ƙasa riba ce babba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙa'idodi huɗu na faɗuwa

1. Ka sunkuyar da kai, ka manna haɓa a ƙirji. Wannan yana hana ƙeya da goshi su fara taɓa ƙasa.

2. Kada ka miƙe hannu sambal. Ka lanƙwasa gwiwar hannu, ka jawo hannuwa kusa da jiki, su kare fuska da kai.

3. Ka sauka a kan wurin da ke da tsoka da faɗi: cinya, ɗuwawu, gefen jiki, bayan kafaɗa. Kada ka sauka a kan tafin hannu, ko gwiwa, ko tsinin kafaɗa.

4. Ka dunƙule ka mirgina. Kada ka yi ƙoƙarin tsayawa cak. Mirginawa tana raba bugun ga jiki duka, maimakon ya taru wuri guda. Ka saki numfashi, kada ka sandare.

Faɗuwa iri uku ce

Ta farko ita ce ta gaba, wadda keke ke jefa mutum ta bisa kansa. Tana faruwa in tayar gaba ta tsaya ba zato: ta faɗa rami, ta nutse a rairayi, ta bugi dabba, ko an matse birkin gaba shi kaɗai. Ita ce ta fi haɗari ga kai da wuya. A nan sai ka saki keke, ka rabu da shi. Ka manna haɓa a ƙirji, ka karkata kai gefe guda, ka lanƙwasa hannu ɗaya a gabanka kamar baka. Ka bar jiki ya juya ta bayan kafaɗa ɗaya, ya bi baya a karkace, ya fita ta ƙugu na ɗaya gefen. Kada ka yi alkafura ta tsakiyar kai, domin wuya ba ya ɗaukar nauyin jiki.

Ta biyu ita ce ta gefe, wadda taya ke zamewa. Tana faruwa a kwana, a kan tsakuwa, ko laka, ko rairayin da iska ta share bisa kwalta. A nan kada ka saki kan keke da wuri. Ka riƙe shi, ka matse gwiwoyin hannu a jiki. Ta haka ƙarfen keke da feda su ne za su fara bugun ƙasa, kai kuma ka sauka a kan cinya da gefen jiki. Hannun da ke riƙe da keke ba zai miƙe ya karye ba. Ka ɗaga kai daga ƙasa. Fata za ta ƙuje, amma ƙujewa ta fi karaya sauƙi.

Ta uku ita ce ta tsaye, wadda kaya ke rinjayar mutum yana tafiya a hankali ko yana shirin tsayawa. Masu ɗaukar buhu da jarkar ruwa sun san ta. Jarka mai lita 25 nauyinta ya kai kilo 25, in guda huɗu ne kuwa kilo 100 ke nan. In kaya suka rinjaya, kada ka yi kokowa da su. Ka sa ƙafa ƙasa, ka janye ɗaya ƙafar daga ƙarƙashin keke, ka bar shi ya kwanta. Ruwan da ya zube ana sake ɗebo shi.

Akwai kuma zaɓen wurin faɗuwa. A ƙasarmu ana tuƙi ta hannun dama. Wanda ke bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙwanni da Maraɗi zuwa Damagaram ya san yadda manyan motoci ke wucewa, har iskarsu ta girgiza mai keke. In ka ga za ka faɗi, ko mota ta matse ka, ka karkata dama, ka bar kwalta. Gara rairayi ko ƙaya da ƙarƙashin taya. Kuma ka dubi inda kake so ka bi, ba abin da kake tsoro ba, domin keke yana bin inda ido ya kafe.

Birki: inda faɗuwa da yawa ke farawa

Birkin gaba ya fi ƙarfin tsayar da keke, amma shi ne ke jefa mutum in aka fizge shi. Birkin baya ba ya jefa mutum, amma shi kaɗai ba ya tsayar da keke da wuri. Daidai shi ne a matse su tare, sannu a hankali, ana ƙara ƙarfi. A lokaci guda mutum ya ja jikinsa baya bisa sirdi, ya miƙe hannuwa kaɗan, don nauyi ya koma tayar baya.

A cikin rairayi ko tsakuwa, a sassauta birkin gaba. A rage gudu kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. In ruwan sama ya jiƙa taya, birki ba ya kamawa da wuri, sai a fara matsawa tun daga nesa. Keken da ba shi da birki, wanda ake tsayarwa da diddige, bai kamata ya hau hanya ba.

A koya tun kafin rana ta ɓaci

Wani zai ce: faɗuwa ba ta ba mutum lokacin tunani. Gaskiya ne. Shi ya sa ake koya wa jiki tun da wuri, har abin ya zama masa jiki, kamar yadda hannu ya saba da alƙalami bayan an sha maimaita baƙaƙe. A wasan judo, wanda aka kafa a ƙasar Japan a 1882, ana koya wa sabon ɗalibi yadda zai faɗi kafin a koya masa yadda zai kayar da wani. Mu ma a nan, filin kokowa da rairayi ake cika shi, don wanda aka kayar ya tashi lafiya.

Ku sami wuri mai rairayi mai laushi, ku share ƙaya da duwatsu da kwalabe. Ku bi matakan nan, ba da keke ba tukuna:

1. Ka tsuguna, ka manna haɓa a ƙirji, ka rungume hannuwa, ka kwanta ta gefen dama, ka mirgina. Ka maimaita ta hagu. Sau 10 kowane gefe.

2. Ka durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ka lanƙwasa hannu a gabanka, ka mirgina ta bayan kafaɗa. Kai kada ya taɓa ƙasa. In ya taɓa, ka koma mataki na farko.

3. In ka ƙware, ka yi haka daga tsaye, sannan kana tafiya a hankali.

4. Daga nan ka hau keke a fili, ka koyi matse birki biyu tare kana ja da jiki baya, da saurin sauka daga keke.

Minti 10 sau biyu a sati sun isa. Tsofaffi, da mata masu ciki, da masu ciwon wuya ko baya, kada su yi mirginawar nan. Su dai riƙe ƙa'idar haɓa da ta hannu. Yara kuwa sun fi kowa saurin koyo, a koya musu tun ranar da aka ɗora su bisa keke.

Hular kwano da sutura

Duk iyawar mutum, akwai faɗuwar da ke zuwa ba shiri, musamman in mota ko moto ce ta buge shi. A nan hular kwano ce kaɗai ke tsakanin kai da ƙasa. Wasu masana na ƙasar Ostareliya sun tattara bincike 40 da aka yi a kan masu keke fiye da dubu 60 da suka yi haɗari. Sakamakon da suka fitar a 2016 ya nuna hular kwano tana rage mummunan raunin kai da wajen kashi biyu cikin uku. Rawani da hula suna kare rana, amma ba sa tare bugu. Hular kwano sai an ɗaure igiyarta ƙarƙashin haɓa, in ba haka ba ita ce za ta fara tashi. Wadda ta sha bugu mai ƙarfi sau ɗaya ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga ba.

A kula da sutura. Babbar riga da zane da gyale suna shiga sarƙa ko wayoyin taya su kayar da mutum, sai a tattare su. Takalmi mai rufe ƙafa ya fi silifa. In an goya yaro a baya, a tabbata ƙafarsa ba ta kai wayoyin taya. A toshe bakin ƙarfen kan keke da roba, domin buɗaɗɗen ƙarfe yana huda ciki ko cinya. Kada a rataya adda ko lauje ko hauya inda mutum zai faɗa kansu. A ɗaure kaya a baya, ƙasa-ƙasa, nauyin dama daidai da na hagu. Da dare a sa fitila da tufa mai haske. Kada a hau keke ana waya, ko bayan an sha ƙwaya irin su tramol.

Bayan an faɗi

Abu na farko: in kana bisa hanya kuma kana iya motsi, ka ja jiki gefe. Kada kunya ta sa ka zabura ka sake hawa. Ka zauna, ka numfasa, ka motsa yatsun hannu da na ƙafa, ka shafa kai.

In kai ne ka tarar da wanda ya faɗi, ka sa wani ya tsayar da motoci. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗaga shi, kada a zaunar da shi. A riƙe kansa daidai da jiki. In dole ne a ɗauke shi, mutane 4 su ɗora shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, kai da wuya da baya a miƙe. Wanda ya suma, kada a ɗura masa ruwa ko fura, domin za su shiga huhu. In yana numfashi, a juya shi ta gefe a hankali, kai da jiki tare. A birane ana kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18.

In jini na zuba, a danna wurin da tsabtataccen ƙyalle har minti 10 ba ɗagawa. In ƙujewa ce, a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har ƙasa ta fita duka, sannan a rufe. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko ruwan batir. Ƙwayar tetanos, ciwon nan mai sandare jiki da sarƙe haƙora, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. A je gidan likita a tambayi allurar rigakafinta.

In ana zaton karaya, a tallafe hannu ko ƙafa da itace da ƙyalle yadda take, kada a ja, kada a matse. Mun san jama'a da yawa wurin maɗori suke fara zuwa. Amma a sani, wurin da ya karye yana kumbura, kuma ɗauri mai tsanani yana tare jini. In yatsu suka yi sanyi, ko suka sake launi, ko suka mutu, ko zafi ya tsananta, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti. Jinkiri a nan yana kai ga yanke hannu. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta cinya, da ta ƙugu, da ta kusa da gaɓa, aikin asibiti ne tun farko. Wuyan hannun da ke ciwo a gindin babban yatsa bayan faɗuwa, kada a ce targaɗe ne kawai, a je a ɗauki hoto.

Alamomin da ba a jira da su

Wanda ya bugi kai, a sa masa ido har kwana 2, kada ya kwana shi kaɗai. A kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ya suma, ko da na ɗan lokaci ne.
2. Yana amai a kai a kai.
3. Ciwon kai yana ƙaruwa.
4. Ya rikice, ko ya manta abin da ya faru, ko maganarsa ta sake.
5. Barci ya yi masa nauyi, ana tashinsa da ƙyar.
6. Jini ko ruwa yana fita daga kunne ko hanci.
7. Jijjiga ta kama shi, ko gefe ɗaya na jiki ya yi rauni.

Kada a ba shi asfirin, domin tana ƙara zubar jini. Haka kuma wanda kan keke ya daka a ciki, musamman yaro, yana iya tashi garau, sannan bayan awoyi ciki ya ɗauki ciwo, jiki ya yi sanyi, jiri ya kama shi. Wannan alamar zubar jini ce a ciki. Shi ma asibiti nan take.

Kammalawa

Ƴan uwa, Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Haka iya keke yake: ba hawa kaɗai ba ne, har da sanin yadda za a sauka ranar da tsautsayi ya gitta. Ku riƙe kalmomi huɗu: haɓa a ƙirji, hannu a lanƙwashe, sauka ta gefe, mirginawa. Ɗalibin nan namu ya warke, ya koma aji, kuma shi ne yanzu ke tara yaran unguwarsu a kan rairayi yana nuna musu. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

1. Don me miƙe hannu sambal ke kawo karaya?
2. Mene ne bambancin faɗuwar gaba da ta gefe?
3. Waɗanne wurare ne a hanyar garinku masu keke suka fi faɗuwa, kuma me jama'a za su iya yi a kai?
4. Ku rubuta alamomi 3 da ke nuna dole a kai wanda ya bugi kai asibiti.